DARA DA WASAN TUƘIN KUMBO: NAZARI KAN WASANNIN BI-DA-BI DA AMFANINSU GA KOYAR DA LISSAFI

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a kwatanta wasanni biyu waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su. Na farko shi ne dara, wadda manya ke yi a gindin bishiya da rani a Dutsi da sauran garuruwan shiyyar Daura. Na biyu kuwa wasan kwamfuta ne inda mai wasa yake tuƙa kumbo, watau jirgin sama-jannati, tsakanin taurari. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tunanin da ake bukata a wasannin nan iri ɗaya ne, kuma malamin lissafi zai iya takawa daga wanda ɗalibai suka gada zuwa wanda yake baƙo.

2.0 Wasan Bi-da-bi

Wasan bi-da-bi shi ne wanda kowane ɗan wasa yake jiran layinsa, ya yi motsi ɗaya, sa'an nan ya dakata abokin karawarsa ya yi nasa. Saurin hannu ko ƙarfin jiki, irin na langa ko dambe, ba su da amfani a nan. Abin da ke aiki shi ne hangen abin da zai biyo bayan motsin.

Darar da aka fi sani tana da gurbi 30, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wani da tsakuwa wani da guntayen kara. Da farko ana zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. In an gama zubi sai a shiga tafiya, ɗa yana matsawa gurbi ɗaya gaba, ko baya, ko gefe, amma ba ya tafiya a karkace. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin wasansa. Dakarkarin ƙasar Zuru ma suna yin ta, haka Zabarmawan Nijar, waɗanda ke kiran ta dili. Ƙananan dokoki kan bambanta daga gari zuwa gari.

3.0 Yadda Ake Tuƙa Kumbo

Misalin da za a ɗauka shi ne wasan Star Trek, wanda wani matashi Ba'amurke, Mike Mayfield, ya tsara a 1971. David Ahl ya buga ingantaccen samfurinsa, Super Star Trek, cikin littafinsa na wasannin kwamfuta a 1978. Wasan ba shi da hoto, haruffa da lambobi ne kurum.

An kasa sararin samaniya yanki 64, takwas sau takwas, kowane yanki kuma an sake kasa shi gurbi 64. Ke nan faifan yana da gurbi 4,096. Matuƙi yana faɗa wa kwamfuta abu biyu: fuskar da zai nufa da nisan da zai yi. Ana nuna fuska da lamba: 1 dama, 3 sama, 5 hagu, 7 ƙasa, lambobin da ke tsakani kuwa na tafiyar karkace ne. Nisa ɗaya cikakke daidai yake da gurbi takwas.

Alal misali, a ce kumbo yana layi na 6, gurbi na 2, ana son a kai shi layi na 3, gurbi na 5. Zai hau uku, ya yi dama uku, saboda haka fuskarsa 2 ce. Taku uku zai yi, watau uku bisa takwas na nisa ɗaya, sai matuƙi ya rubuta 0.375. A wannan motsi ɗaya tak an yi ɗebewa, an gano kusurwa, an mai da ɓangare zuwa lamba mai ɗigo.

Bugu da ƙari, kowace tafiya tana cin makamashi da lokaci, kuma dukkansu ƙayyadaddu ne. Tauraro na iya tare hanya. Makamashi ba ya cika sai an isa zango. A wasan Master of Orion na 1993 abin ya ƙara tsanani, domin ayarin kumbuna yakan shafe layi da yawa yana tafiya, kuma a farkon wasa ba a iya juya shi in ya tashi. Wanda ya kwashe rundunarsa duka ya tafi hari, abokin gaba ya zagayo ya faɗa wa garinsa, to shi ne Bahaushe ke cewa dara ta ci gida.

4.0 Kamanci da Bambanci

Kamancin farko shi ne muhimmancin wuri. Gwanin dara tun wajen zubi yake cin wasansa, domin ya san gurbin tsakiya yana da maƙwabta huɗu, na gefe uku, na kusurwa biyu. Haka matuƙin kumbo yake auna inda zai tsaya, ya kasance kusa da zango. Na biyu shi ne lissafin taku, watau motsi nawa ya rage mini in jera uku, nawa ya rage masa ya toshe ni. Na uku shi ne haƙuri da ƙaramar asara domin babbar riba.

Sai dai akwai bambanci wanda bai kamata a ɓoye ba. A dara komai a fili yake, kowa na ganin 'ya'yan kowa. A wasan kumbo kuwa na'urar hange ba ta nuna wa matuƙi sai yankinsa da takwas ɗin da ke kewaye da shi. Har ila yau dara ba ta da tafiyar karkace, ba ta kuma da makamashin da ke ƙarewa. Saboda haka iyakarta a aji ita ce buɗe ƙofa.

5.0 Amfani ga Malami

A wajen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, na sha ganin an zana layukan x da y a allo, yara sun yi tsuru-tsuru kamar an yi musu wani yare. Alhali da yawansu sun tashi suna kallon iyayensu na buga dara. Da malami zai haƙa gurbi 30 a filin makaranta, ya sa wa layuka lamba, ya ce kowa sai ya faɗi lambar gurbin da zai je kafin ya taɓa ɗa, da an koyi darasin ba tare da an sayi kome ba. Daga nan sai a zana faifai mai takwas sau takwas a takarda, a shigo da fuska da nisa da makamashi. Wannan ma ba ya bukatar kwamfuta ko lantarki, ɗalibi ɗaya na iya riƙe lissafin.

6.0 Kammalawa

An daɗe ana ɗaukar dara a matsayin aikin zaman banza, matasa kuma sun koma ga waya. In tsofaffin gwanayenta suka ƙare ba a rubuta dokokinsu da kalmominsu ba, an yi asarar da ba ta mayuwa. Ina ba da shawara ga sassan Hausa da na Lissafi a kwalejojinmu na ilmi su haɗa hannu, su tura ɗalibai Dutsi da Mashi da Daura da kewaye su tattaro waɗannan, sa'an nan a gwada su a aji a ga abin da zai fito.