Dodon Ƙarshe a Wasan Mario

Jama'a, yaranmu na Mai Wurno da ƙauyukan Jazira da suka taɓa wasan talabijin sun san Super Mario Bros., wanda kamfanin Nintendo ya fitar a 1985. Matakinsa na ƙarshe, 8-4, fada ce mai ruɗarwa: wanda ya ɓata hanya sai ya yi ta komowa wuri ɗaya. Can ƙurya dodo Bowser yana kan gada, yana feso wuta, yana jifa da guduma. Mai garaje ba ya wucewa, sai wanda ya lura da tsallensa, ya bi ta ƙarƙashi, ya taɓa gatari, gadar ta rushe. Iyaye, mai wannan haƙuri zai iya jarrabawar shahada. A ƙayyade masa lokacin wasa, kada a fasa na'urar.