Tawadar Jarida Ba Tawadar Allo Ba Ce

Tun da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome a 1977, aka mayar da jama'a arewacin gari wajen Agoè, sana'ar abinci ba ta bar hannun mutanenmu ba. Da safe koko da ƙosai da waina, da rana wake da shinkafa, da magariba kuma hayaƙin tsire da balangu ya turnuƙe bakin titi. Abincin da daɗi, masu yi kuma gwanaye ne. Matsalar tana wajen abin da ake naɗe shi a ciki: tsohuwar jarida, takardun ofis da na jarrabawa, yagin buhun siminti, ko baƙar leda.

A tsaya wajen mai ƙosai a kalla da kyau. Tana tsamo shi daga mai yana ƙuna, ta zuba na dala ashirin a kan fallen jarida, ta barbaɗa yaji ta naɗe. Kafin yaro ya kai gida takardar ta jiƙe sharkaf har ana hango bayanta, wani lokaci ma sai ka ga baƙaƙen rubutun sun fito a juye a jikin ƙosan. Sai a ɓamɓare takarda a ci. Wannan rubutu da ya bar takarda, cikinmu ya nufa.

Dalilin da ya sa ba ma damuwa a fili yake. Tawadar da muka tashi muka sani ita ce ta allo: gawayi, ƙaro da ruwa. Ana rubutu da ita, a wanke a sha. Tawadar maɗaba'a ita ma abu uku ce: launi, da danƙon da ke manna shi, da abin da ake dama su da shi. To amma nan kamar ta tsaya, domin ba ko ɗaya daga cikin ukun da aka yi don cikin ɗan Adam.

Me ke cikin tawadar?

Tawadar jarida galibi da man da aka tace daga ɗanyen man fetur ake dama ta. Ba bushewa take yi ba, takarda ce kawai ke tsotse ta, shi ya sa take baƙanta yatsun mai karatu. Da zarar ta haɗu da abinci mai zafi mai maiƙo, sai man ya narkar da ita ya jawo ta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana tun 2012 cewa wani kashi na irin wannan mai yana taruwa a hanta da kitsen jiki, wani kashin kuma ana jin tsoron yana iya haddasa ciwon daji. Buhun siminti ya fi muni, don ban da tawadar da ke bayansa, ƙurar simintin kanta tana cin fata, balle hanji.

Rubutun da ke jikin ledar biskit, taliya ko ruwan leda kuwa, yawanci da sinadarai masu saurin tashi ake dama tawadarsa, irin su toluwin. Su ne warin da ke hawa kai a ɗakin buga leda. Indiya ta hana sa toluwin a tawadar kayan abinci a 2020, bayan da ta riga ta haramta naɗe abinci a jarida a dokar da ta fara aiki a 2019.

Kada a ɗauka cin tsire sau ɗaya a jarida zai kwantar da mutum. Illar a hankali take taruwa, kuma yara da masu juna biyu su ne a gaba wajen haɗari. Abu huɗu ke ƙara yawan abin da ke shiga abinci: zafi, maiƙo, daɗewa, da haɗuwar rubutu da abinci kai tsaye. Tsire da ƙosai da soyayyen kifi sun haɗa kusan duka.

Abin da ya farkar da Turai

A watan Nuwamban 2005 hukumomin Italiya suka kama miliyoyin lita na madarar jarirai ta kamfanin Nestlé, aka kuma janye ta daga kasuwannin Faransa, Sifen da Fotugal. An gano wani sinadarin tawada mai suna ITX a cikinta, alhali a bayan kwali aka yi rubutun. Ta yaya ya shiga? A masana'anta, bayan an buga rubutu sai a nannaɗe takardar kwalin, bayan wani falle ya kwanta a kan cikin wani, tawada ta shafu a gefen da zai taɓa madara. Daga baya masana suka ce adadin bai kai na cutarwa ba, amma an yi ittifaƙi cewa ba wurin zamansa ba ne. A 2010 kuma wani ɗakin gwaji na gwamnati a Zurik ya gano man tawada a cikin busasshen abinci da aka zuba a kwalayen da aka sarrafa daga tsofaffin jaridu. Idan tawada ta ratsa kwali ta kai ga busasshen abinci, me za a ce da naman da aka kwantar a kanta yana ɗigar mai?

Sabuwar tawadar ruwa da haske

Waɗannan abubuwa suka sa masana suka duƙufa neman mafita, kuma kowace hanya da nata cikas. Tawadar da ake damawa da ruwa ba ta da wari sosai, amma a kan leda tana jinkirin bushewa kuma ba ta kamawa da ƙarfi. Wadda ake busarwa da hasken ultrabayolet tana daskarewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya: fitila na haskawa, wani sinadari mai kama haske ya sa ƙananan ƙwayoyin danƙon su sarƙe da juna su zama fata mai tauri. Sai dai duk ƙwayar da ba ta sarƙu ba tana nan sake, tana iya ƙaura zuwa abinci. ITX ɗin nan na Italiya irin wannan mai kama hasken ne.

Dabarar da ake ta ingantawa yanzu ita ce haɗa biyun. Ana ƙera danƙon da manyan ƙwayoyin folima, a watsa su cikin ruwa, ta yadda ruwa ne zai tsinka tawadar maimakon ƙananan sinadaran nan masu yawo. Bayan bugawa sai iska mai ɗumi ta kwashe ruwan, haske kuma ya ɗaure abin da ya rage. Hikimar ita ce babbar ƙwaya ba ta iya ratsa takarda ko leda da sauƙi, kuma hanji ba ya saurin tsotse ta. Ana kuma sauya fitilun da ke ɗauke da sinadarin makyuri da na LED masu ƙarancin cin wuta da zafi.

Amma a yi hattara. Wannan tawada tana da tsada, tana son injin da aka saita daidai, kuma in fitila ta yi rauni ba za ta daskare sarai ba. Ko mafi kyawunta ma don bayan mazubi aka yi ta. Kalmar "ta ruwa" ba ta mayar da ita abin sha.

Abin da ke hannunmu

Lome gari ne na tashar jiragen ruwa, kaya daga ko'ina suke shigowa, kuma mai saye ba ya iya gane irin tawadar da ke jikinsu da ido. Amma akwai abin da kowa zai iya.

Mai tsire da mai ƙosai su nemi farar takarda marar rubutu wadda aka yi don abinci, ko tsabtataccen ganyen ayaba. Kada a tsane man suya a kan jarida. Matsami ko kwando ya wadatar. Mai saye ya fita da kwanonsa mai murfi kamar yadda iyayenmu suka saba. Kada a juya ledar da ke da rubutu a zuba abinci a gefen rubutun, kada a hura gawayi da leda sannan a ɗora nama a kai, kuma kada a jibge ruwan leda a rana. Duk kayan abincin da ka buɗe ka ji warin fenti ko kananzir, ko rubutunsa yana gogewa a yatsa, mayar da shi.

Masu buga takardun manna wa kilishi, yaji, dakuwa da zoɓo su tambayi dillalinsu shaidar cewa tawadar ta dace da kayan abinci, su buɗe tagogi, su sa safar hannu, don ɗanyar tawadar haske tana sa ƙaiƙayi da ƙurajen fata.

Muna kira ga Sarkin Zongo, limamai, sarakunan fawa da shugabannin mata 'yan kasuwa da su ɗauki wannan magana zuwa masallatai da wuraren taro. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin farar takarda bai kai kuɗin asibiti ba.