Yadda Turai Ke Tallafa wa Masana'antun Tsaro

A 2021 Tarayyar Turai ta kafa Asusun Tsaro, ta ware masa kusan Yuro biliyan 8 zuwa 2027. Tallafi ne, ba rance ba, amma da sharaɗi: galibi sai kamfanoni ko cibiyoyin bincike aƙalla uku daga ƙasashe uku sun haɗa hannu kafin su samu kuɗin. Dalili kuwa, ƙasashen Tarayyar sun daɗe kowace na ƙera tankokinta daban, ana maimaita aiki ɗaya da tsada.

Yaƙin Yukren ya fallasa ƙarancin harsasan atilare, sai aka ware wasu Yuro miliyan 500 a 2023 don faɗaɗa masana'antun albarusai. Tunda kuɗin jama'a ne, wajibi ne 'yan majalisa su bi diddigin kowane kwabo.