Rubutun da Ke Magana da Kurma

Wanda ya taɓa shiga wurin casar shinkafa a Kura ya san sai an ɗaga murya ƙwarai kafin a ji juna. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa, Kura da Bunkure, injuna kuma suka yawaita. Amma wanda ya yi shekaru cikin ƙarar inji, jinsa yakan ragu kaɗan kaɗan, ba ya kuwa komowa. Ga kuma waɗanda sanƙarau ya kurmantar, musamman a annobar 1996.

Irin wannan maigida yakan zauna gaban telebijin tare da iyalinsa. Kowa yana dariya, shi kuwa sai kallon leɓuna.

Akwai dabarar da za ta taimake shi, wato rubuta maganar da ake yi a ƙasan hoto. A Amurka an fara sa irin wannan rubutu a telebijin domin kurame a 1972, cikin wani shirin koyar da girki. A 1980 aka fito da wanda mai kallo zai kunna ko ya kashe yadda ya ga dama. Ba magana kaɗai ake rubutawa ba. Akan nuna wanda ke magana, in an ƙwanƙwasa ƙofa ko jariri ya yi kuka, a rubuta.

Mu fa? Finafinan Hausa da yawa suna da rubutu a ƙasa, amma da Turanci, gama domin waɗanda ba su jin Hausa aka yi shi. Manomin Bunkure wanda ya iya karatun Hausa, kunnensa kuwa ya mutu, ba a tuna da shi ba. Abin takaici ne, tun da yake rubuta Hausar ya fi fassara ta sauƙi.

Sai dai rubutu ba ya amfanar wanda bai iya karatu ba. Yaron da aka haifa kurma, maganar hannu ce harshensa na fari, karatu kuwa sai an koya masa da haƙuri. Makarantar Tudun Maliki a Kano tana koyar da kurame tun 1977.

A majami'a ma, allo da alli sun isa a fara. A sa wani mai kyan rubutu kusa da mai wa'azi, ya riƙa rubuta lambar waƙa, da sura da aya, da sanarwar mako, kurma kuwa a ba shi benci na gaba.