Me ya sa ake rububin sayen ƙananan wuƙaƙen aljihu a Amurka?

A garin Titusville da ke jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wata masana'anta mai suna Great Eastern Cutlery, wadda ta fi shahara da ƙera wuƙaƙen aljihu irin na da, waɗanda ake naɗewa a jefa cikin aljihun wando. Duk lokacin da ta fitar da sabon samfuri, kayan kan ƙare a shagunan dillalanta na intanet cikin 'yan mintuna. Kafin mako ya zagayo sai a ga wuƙar da aka saya a kan dala ɗari da 'yan kai ta bayyana a kasuwar eBay da ninkin kuɗinta, wani lokaci ma fiye.

Mafi yawan masu sayen ba mahauta ba ne, ba kuma mafarauta ba. Da yawa daga cikinsu ba za su taɓa yanka ko da lemo da wuƙar ba. Ajiye ta za su yi, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki.

Wace irin wuƙa ce?

Abin da ya bambanta ta da wuƙaƙen zamani shi ne ba ta da makulli. Wani siririn ƙarfe mai tauri ne a bayan ƙotar yake danne gindin ruwan wuƙar, ya riƙe shi ko a buɗe ko a rufe. Ana sa farce a wani ɗan tsagi a jawo ruwan, in an gama aiki a tura shi da yatsa ya koma. Masu sha'awar suna sauraron ƙarar da take yi idan ta rufe, har suna da wani lafazi da ke nufin tafiyar wuƙa da maganarta: tafiya ita ce santsin buɗewa, magana kuwa ita ce ƙarar rufewa. Wuƙar da ta rufe shiru, a wurinsu ba ta cika ba.

Kowace siffa da sunanta da kuma aikin da ya haife ta. Stockman mai ruwa uku ta makiyaya ce, ɗaya daga cikin ruwan nata ma don dandaƙar dabbobi aka yi shi. Trapper ta masu ɗana tarko ce da fiɗa. Barlow kuwa asalinta daga birnin Sheffield na Ingila ne, wuƙar talaka ce mai araha wadda yaran Amurka suka taso da ita, har marubuci Mark Twain ya ambace ta a littafinsa na Tom Sawyer a 1876. Abin mamakin shi ne wannan wuƙa ta 'ya'yan talakawa tana cikin waɗanda aka fi tsada a kansu a yau.

Ƙotar ce ta fi jan ido. Ana yin ta da katako, ko ƙahon barewa, ko ƙashin ƙafar sa da aka sassaƙa aka rina. Kamfanin Case ya ce yana amfani da ƙashin shanu masu tozo da ake kiwo a Brazil, saboda ya fi kauri da tauri, wato dangin shanun da duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya sani. Da yake ƙashi biyu ba sa shan rini iri ɗaya, wuƙaƙe biyu daga samfuri guda ba sa zama daidai, kuma a nan ne gardamar masu tarawa take farawa.

Yadda sana'ar ta kusa mutuwa

Sheffield ce cibiyar ƙera wuƙaƙe tsawon ƙarnoni, kuma a can ne Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Amma tun a ƙarni na 19 maƙeran birnin suka riƙa ƙaura zuwa Amurka, kuma dokar haraji ta McKinley ta 1890 ta tsauwala kuɗin fito a kan kayan da ake shigowa da su, abin da ya ba masana'antun cikin gida damar bunƙasa a jihohin New York da Pennsylvania da Connecticut. Kamfanin W.R. Case & Sons, wanda tarihinsa ya faro daga 1889, yana nan har yau a garin Bradford, kuma tun 1993 mallakar kamfanin Zippo ne mai yin ƙyastu.

Sauran ba su yi wannan sa'a ba. Kayan Asiya masu araha da sauyin ɗabi'ar masu saye sun durƙusar da manyan sunaye. Schrade ya rufe a 2004, Camillus ya bi baya a 2007, Queen Cutlery na Titusville shi ma ya tsaya a 2018. Ana tsaka da wannan durƙushewa ne Bill Howard, wanda ya daɗe yana aiki a Queen, ya kafa Great Eastern Cutlery a 2006, da niyyar ƙera wuƙa kamar yadda ake yi shekaru ɗari da suka wuce, da ƙarfen nan mai suna 1095 wanda ke yin kaifi sosai amma yana tsatsa idan an yi sakaci.

Ƙarancin kaya ne ke tafiyar da kasuwar

Kamfanin ba ya ƙera kowane samfuri a kowane lokaci. Yakan ɗauki siffa guda, ya yi wani adadi da ƙotoci iri-iri, ya raba wa dillalai, sannan ya koma kan wata. Siffar da aka gama tana iya shafe shekaru ba a sake waiwayarta ba. Bugu da ƙari, wani dillali ko wata ƙungiyar masu sha'awa kan ba da odar musamman ta 'yan ɗaruruwa da tambarinsu. Don haka wanda ya makara ranar da kaya suka fito, sai dai ya saya a hannun 'yan kayi-na-yi.

Case ya riga kowa gane wannan hali na ɗan Adam. A 1970 ya fara buga ɗigo goma a gindin ruwan wuƙa, yana cire ɗaya a kowace shekara, ta yadda mai saye zai ƙirga ya san shekarar da aka ƙera ta. Wannan 'yar dabara ta mayar da kayan aiki abin tarawa, domin wanda yake da ta bana zai so ta bara.

Masu kare tsarin suna cewa ba da gangan ake ƙuntata kayan ba. Wuƙa guda tana bi ta hannaye da dama, ana goge ta ana daidaita ta da ido, kuma ƙwararrun da suka iya aikin ba su da yawa. Akwai gaskiya a cikin wannan. Amma ba a iya musun cewa ƙarancin yana yi wa kamfani da dillalai daɗi, kuma wanda ya fi shan wahala shi ne mutumin da yake son wuƙa mai kyau don ya yi aiki da ita, ya tarar masu saye don sayarwa sun riga shi.

Ga mai tunanin zuba jari a nan, lissafin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ana wasa wuƙar sau ɗaya, ko ruwanta ya yi duhu bayan yanka albasa, ko kwalinta ya ɓata, darajarta ta faɗi. Idan kamfani ya sake fitar da siffar, farashin tsohuwar kan sauka. Ga kuma jabun kaya da ke yawo a intanet ɗauke da tambarin sanannun kamfanoni. Su kansu tsofaffin wuƙaƙe masu ƙotar seluloyid, wata roba ta da, idan suka fara ruɓewa suna fitar da iskar da ke cinye ƙarfen duk wuƙar da ke kusa da su a akwati.

Abin da doka ta ce

Wannan ne ɓangaren da ya fi shafar mazauna ƙasashen waje, ko da ba su da niyyar tara komai. A Ingila da Wales, dokar Criminal Justice Act ta 1988 ta haramta riƙe abu mai kaifi a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara huɗu. Abin da ta keɓe shi ne wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, kimanin santimita 7.6. Kotuna sun yanke cewa wuƙar da ke da makulli ba ta cikin wannan rangwame, komai ƙanƙantarta. Wannan na cikin dalilan da suka sa wuƙaƙen gargajiya marasa makulli suke da kasuwa a Birtaniya.

Akwai tarko a nan. Wuƙar Opinel ta Faransa, mai ƙotar katako, wadda ake gani a kasuwanni da yawa, tana da zobe a wuyanta da ake murɗawa a kulle ruwan, daga lamba 6 zuwa sama. A idon dokar Ingila wannan makulli ne. Haka kuma wasu wuƙaƙen Trapper ruwansu ya ɗara inci 3. Ko ƙaramar da doka ta amince da ita, idan aka yi wa wani barazana da ita, laifi ne babba.

A Amurka kowace jiha da dokarta, wasu birane kamar New York ma suna da ƙarin nasu sharuɗɗan. Wanda ya samu tsohuwar wuƙa mai ƙotar hauren giwa kuwa, ya sani cewa Amurka ta taƙaita cinikin hauren ƙwarai tun 2016, Birtaniya kuma ta fara aiki da tata dokar haramcin a 2022.

Sai batun jirgin sama, inda matafiya da dama ke rasa tsarabarsu. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ba ta barin a shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu ko a aljihu, komai ƙanƙantarta. A 2013 ta yi yunƙurin sassauta wa ƙananan wuƙaƙe, amma ma'aikatan jirage suka yi ca a kanta, ta janye. Wurin wuƙa shi ne cikin babban akwatin da ake aunawa, a naɗe ta da kyau don kada ta ji wa masu duba kaya rauni.