Idan Gaban Motar Ƙungiya Ya Fara Gurza

'Yan'uwa manoma, damina ta ja baya, kaka tana ƙofa. Motar ƙungiya mai jan ƙafa huɗu, ko Toyota Hilux ce ko Land Cruiser, ta sha taɓo da rafi wajen kai taki. Yanzu ne takan fara kuka a gaba kamar ana niƙa a dutse. Kada mu ce za ta daina. Boris ɗin da aka ƙyale yakan ci aksul, har ƙafa ta fita ana cikin tafiya da buhuna da mutane.

Abin da za mu fara lura da shi shi ne lokacin da ƙarar take zuwa.

Idan sai an taka birki take gurza, to, takalmin birki ya cinye, ƙarfe yana cin ƙarfe. Wani lokaci kuma tsakuwa ce kawai ta maƙale a bayan faifan birki.

Idan ƙarar tana ƙaruwa da gudu, tana kuma sakewa in an karya kwana, mu zargi boris. Galibi in ta yi tsanani sa'ad da aka karya hagu, na dama ne, domin can nauyi yake komawa. A tsaya a kai hannu kusa da cibiyar kowace taya. Wadda ta fi zafi, ita ce.

Idan ana jin ƙas-ƙas sa'ad da aka murɗe sitiyari duka, gaɓar shaf ce. A duba robar da ta rufe ta, in irin mai roba ce. In ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga.

Idan kuwa sai an sa giyar ƙafa huɗu ƙarar take tashi, a duba furofela ta gaba da man aksul. Man da ya yi fari kamar madara ruwan rafi ne ya shige shi, sai a zubar a sa sabo. Motar da ake kulle cibiyarta da hannu, a tabbata duka biyun suna kan LOCK. Irin waɗannan motoci ba a tafiya da su a kwalta da giyar ƙafa huɗu, gama haƙoran giya sukan ɗaure.

Ga gwajin da kowane direba zai iya. A tsai da mota a fili mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya da duwatsu, a ɗaga gaba da jak. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, ko tana gurza in an juya ta, lokacin makanike ya yi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Muna roƙon shugabanni da ma'aji su saurari direba in ya kawo ƙara, ya kuma rubuta lokacin da yake jin ta, domin makanike ya san inda zai fara kwancewa. Kuɗin boris da giris kaɗan ne a kan kuɗin aksul. Motar nan kuwa ita za ta kai masara kasuwa, ita ce kuma za ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.