Ko Kun Sani? Matashin da Ke Cikin Ƙashin Bayanku

Ko kun san cewa akwai faya-fayan guringuntsi 23 a tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, masu aiki kamar matashin kai? Yawancin abin da ke cikinsu ruwa ne, wanda nauyin jiki ke matsewa da rana, shi ya sa mutum ya fi tsawo da asuba fiye da bayan isha'i.

Idan ɗaya ya kumburo ya danne jijiya, sai ciwo ya taso daga ƙugu ya gangara cinya har ƙafa. Galibi faya-fayai biyu na can ƙasan kwankwaso ne ke yin haka, domin su ke shan nauyi sa'ad da manomin Yankwashi ya duƙa da fartanya, ko uwargida a Roni ta jawo guga daga rijiya.

Yawancin masu wannan ciwo kan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Doguwar kwanciya kan ƙara sandarar da baya. Tafiya a hankali kullum, da motsa jikin da likitan gashin ƙashi ya tsara, sun fi amfani. Wajen ɗaukar buhu kuwa, a durƙusa, a rungumo shi kusa da ciki, kada a murɗa ƙugu.

Amma idan fitsari ko bayan gida ya ƙwace, matse-matsi ya mutu, ko ƙafa ta saki, ba aikin mai ɗori ba ne. A garzaya babban asibitin Kazaure, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ranar.